Ƙarshen Yamato: me ya sa Yuki ta farfaɗo, Okita kuma ya cika yana kallon gida?

Tambaya: Na gama kallon tsohon katun ɗin Japan ɗin nan, Uchu Senkan Yamato (wato Jirgin Yaƙin Sararin Samaniya Yamato) na 1974, duka kashi 26. Tafiyar ta burge ni, amma ƙarshen bai kwanta mini ba. An cinye kashi 25 ana tafiya, dawowa kuma kashi ɗaya tak. Yuki ta mutu ta tashi ba wani bayani. Kuma ina jin kamar an yi labarin ne don a wanke sojan Japan na Yaƙin Duniya na Biyu. Ko ni ne ban gane ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ka gane, kuma kana da gaskiya a wasu wuraren. Sai dai ina ganin ka zuba ido kan kashi na 26 kana jiran ƙololuwar labarin, alhali wuƙa ta riga ta kai ƙashi tun a kashi na 24. Idan ka ɗauki kashi uku na ƙarshe a matsayin abu guda, za ka ga ginin ya fi yadda kake zato ƙarfi.

Bari mu fara da maganar gaggawa, don ita ce mai sauƙin amsawa. An fara nuna Yamato ranar 6 ga Oktoba 1974, aka gama ranar 30 ga Maris 1975, duk Lahadi da ƙarfe bakwai da rabi na dare. A daidai wannan lokacin wani gidan talabijin ɗin yana nuna Heidi, katun ɗin yarinyar tsaunukan Alps wanda Isao Takahata ya ba da umarni, Hayao Miyazaki kuma yana cikin masu tsara zanensa. A gidajen da akwatin talabijin ɗaya ne, Heidi ce ke cin zaɓe. 'Yan kallon Yamato suka yi ƙaranci, sai aka datse shirin daga kashi 39 da aka tsara zuwa 26. Abin da wuƙar ta fi ci shi ne hanyar dawowa. Har akwai shirin a shigo da Kyaftin Harlock, ɗan fashin sararin samaniyar nan na mai zane Leiji Matsumoto, ɗaya daga cikin jagororin shirin, aka fasa, sai daga baya ya samu nasa shirin. Saboda haka abin da ka ji a jikinka gaskiya ne: an matse tafiyar watanni cikin 'yan mintoci, kuma wurin ɗinkin yana nunawa. Ba zan kare wannan ba. Abin da zan ce kawai shi ne, da furodusa Yoshinobu Nishizaki da Matsumoto da abokan aikinsu suka ga lokaci ya ƙure, sun san abin da za su zubar da abin da za su riƙe.

Ka tuna yadda aka faro. Shekara ta 2199, mutanen duniyar Gamilas sun yi ta jefo wa duniyarmu bama-bamai masu gubar nukiliya har tekuna suka ƙafe, ƙasa ta koma ja kamar garwashi, mutane suka gudu biranen ƙarƙashin ƙasa, gubar kuma tana bin su sannu a hankali. Saura shekara ɗaya kowa ya ƙare. Sai ga saƙo daga Sarauniya Starsha ta duniyar Iscandar cewa tana da na'urar da za ta wanke gubar, wato Cosmo Cleaner D, amma sai an je an karɓo, aikin da aka ɗora wa kumbon Yamato ke nan. Iscandar tana cikin tarin taurarin da ake kira Babban Gajimaren Magellan, nisan da haske zai yi shekara 148,000 kafin ya ƙure shi. Zuwa da dawowa 296,000 ke nan, cikin shekara ɗaya. A ƙarshen kowane kashi ana sanar da kai kwanakin da suka rage wa ɗan Adam. Wannan ƙidayar ta sa mai kallo ya saba da tunani guda: duk abin da ya tare hanya a kawar da shi, ba lokacin tsayawa tambaya. Ni kaina haka na bi jirgin, ina murna duk lokacin da aka harba babbar igwar nan ta bakinsa.

To a kashi na 23 sai aka gano cewa Iscandar da Gamilas tagwaye ne, suna maƙwabtaka da juna. Wurin ceto da gidan maƙiyi unguwa ɗaya. Shugaba Dessler ya janyo Yamato zuwa cikin Gamilas, duniyar da cikinta rami ne, sama rufin dutse, ƙasa teku na asid irin ruwan batir. Makamai masu linzami na zubowa daga rufin, ruwan saman ma asid ne, jikin jirgin yana narkewa. Kyaftin Juzo Okita yana kwance, ciwon gubar nukiliya ya ci ƙarfinsa, ya riga ya damƙa ragamar jirgin ga matashi Susumu Kodai. Da Kodai ya rasa ta yi ya je wurinsa, sai tsohon ya ba shi shawarar da ba wanda zai yi tsammani: ya nutsar da jirgin cikin tekun asid ɗin, ya nemo jijiyar duwatsu masu aman wuta, ya harbe ta da igwar. Aka yi haka. Duwatsun duniyar suka fashe gaba ɗaya. Mataimakin Dessler, mai suna Hiss, ya roƙe shi a tsaya haka a nemi sulhu da mutanen duniya, Dessler ya harbe shi nan take, ya ci gaba da yaƙi har abin da ya rage na biranensa ya ruguje.

Nan ne wurin da nake so ka sake kallo. Da ƙura ta lafa, Kodai ya fito saman jirgin ya dubi abin da hannunsa ya aikata. Birni ya zama kufai, ba motsi, ba sauti. Yuki Mori, ma'aikaciyar jirgin da Kodai ke so, tana gefe tana kuka. Kodai ya shiga magana, kusan da kansa yake yi: tun suna yara an koya musu gasa da cin nasara, amma ba wanda ya taɓa gaya musu me ke samun wanda aka kayar. Mutanen Gamilas ma rayuwa suke nema, duniyarsu ce ta tsufa tana mutuwa, shi ya sa suka ɗora ido kan tamu. Ya ce abin da ya kamace su shi ne su ƙaunaci juna. Ya tsine wa nasarar, ya yi jifa da bindigarsa.

Ka duba wanda ke faɗin wannan. Kodai yaro ne da bam ɗin Gamilas ya kashe iyayensa. A kashi na 13, da aka kamo wani matuƙin jirgin Gamilas aka ga ashe mutum ne kamar kowa in ban da launin fata, Kodai ne ya zabura zai kashe shi. Ƙiyayya ce man da ya kawo shi wannan nisan. Yanzu ga shi ya yi wa wata duniya abin da aka yi wa tasa, kuma ba a ba shi ko daƙiƙa ɗaya ta murna ba. A 1975 ne fa, a shirin da ake ɗauka na yara ne, shekara 30 kacal bayan Hiroshima da Nagasaki da ƙonewar Tokyo. Iyayen da ke zaune bayan yaran sun san kamannin birnin da ya zama toka, da idonsu suka gani. A wannan karon jirgin Japan ne ya toye birnin.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta uku, wadda ta fi sauran nauyi. Yamato jirgi ne na gaske. An ƙera shi a Kure, ya fara aiki a Disamba 1941, tsawonsa mita 263, da manyan igwa tara masu bakin santimita 46, waɗanda ba a taɓa ɗora irinsu a kan jirgin ruwa ba. Sunan kansa tsohon sunan ƙasar Japan ne. A Afrilu 1945 aka tura shi Okinawa, tafiyar da waɗanda suka ba da umarnin ma ba su sa ran zai dawo ba. Ranar 7 ga wata jiragen saman Amurka suka nutsar da shi tun bai isa ba, mutum fiye da 3,000 suka tafi tare da shi. A katun ɗin an nuna gawarsa a kwance a busasshen teku ba ta rabu ba, aka gina kumbon a cikinta. Sai a 1985 masu bincike suka sauka suka tarar ashe a karye yake gida biyu, amma lokacin labarin ya riga ya shiga zukata.

Zargin da kake yi ba kai kaɗai ke yinsa ba, kuma yana da tushe. Ma'aikatan jirgin duka Japanawa ne, su ne kuma masu ceton duniya baki ɗaya. Maƙiyan an yi musu kamannin Jamus ta zamanin Nazi, kunne ma yana jin Hitler da Rommel da Hess a cikin Dessler da Janar Domel da Hiss. Japan a labarin ita ce wadda aka zalunta, ba a ce uffan ba kan abin da sojanta suka yi a Sin da Koriya da sauran ƙasashen Asiya. Wanda kakanninsa suka ɗanɗani wannan mulkin yana da haƙƙin ya ji ɗaci idan ya ga an ta da jirgin nan an naɗa masa rawanin mai ceto. Ko da aka kai shirin Amurka a 1979 da sunan Star Blazers, sai da aka canza wa jirgin suna zuwa Argo.

Amma ka koma kashi na farko ka saurari gardamar da aka buɗe labarin da ita. A yaƙin Pluto, rundunar duniya ta sha kashi, Okita ya ba da umarnin a janye. Mamoru Kodai, yayan Susumu, kyaftin ɗin ƙaramin jirgi Yukikaze, ya ƙi. A ganinsa namiji shi ne wanda ya yi ta yaƙi har ya mutu. Okita ya amsa masa cewa namiji shi ne wanda ya haɗiye wulaƙancin yau saboda gobe. Mamoru bai ji ba, ya kutsa cikin maƙiya, aka ɗauka ya mutu, Susumu kuma ya daɗe yana riƙe da Okita a zuci kan ya dawo ya bar masa ɗan'uwa. Tunanin Mamoru shi ne ainihin tunanin da ya tura Yamato na gaske Okinawa. Me labarin ya yi da shi? A kashi na 25 aka tarar da Mamoru da ransa a Iscandar. Jirgin Gamilas da ke ɗauke da shi a matsayin fursuna ya yi hatsari, Starsha ta tsince shi ta yi jinyarsa. Mutumin da ya nemi mutuwar jarumta bai samu ba, aka ba shi mace mai sonsa da duniyar da kowa ya mutu a cikinta sai ita kaɗai, ya zaɓi ya zauna da ita. Labarin ya yanke hukunci a gardamar, kuma Okita ya bai wa gaskiya. Matsumoto, wanda aka haifa a 1938, mahaifinsa matuƙin jirgin saman soja ne da ya dawo daga yaƙin da ransa, kuma a ayyukansa za ka yi ta cin karo da wannan ra'ayin cewa an haifi mutum ne don ya rayu.

Saboda haka a nawa karatun, abin da shirin ke son gyarawa a tarihin 1945 shi ne rashin dawowar. Jirgin da aka aika ya mutu, an sake aikensa da sharaɗin lallai ya komo. Ko waƙar buɗe shirin, wadda Isao Sasaki ya rera da kiɗan Hiroshi Miyagawa, alkawarin dawowa ne a bakin masu tafiya. Wannan bai goge zarginka ba, abubuwan biyu suna zaune tare a cikin aikin, kuma ina ganin mai kallo na gaskiya sai ya riƙe su duka.

Akwai wani ɗan abu a kashi na 25 da mutane ke tsallakewa. Wasu ma'aikatan ɗakin inji ƙarƙashin wani mai suna Yabu suka yanke ƙauna cewa za a isa gida a kan lokaci, suka sace Yuki suka gudu don su kafa sabuwar zuriya a Iscandar. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka cinye su, aka ceto Yuki. An yi shi a gurguje, amma yana nuna cewa komawa gida ma zaɓi ne, kuma akwai waɗanda suka kasa yinsa.

Yanzu kashi na 26. Dessler bai mutu ba. Ya biyo su da jirginsa, ya yi karo da Yamato, ya tura iskar gubar nukiliya cikinsa, sojojinsa suka shigo. Na'urar Cosmo Cleaner D a wargaje aka karɓo ta, injiniya Shiro Sanada yana harhaɗa ta a hanya, ba a ko gwada ta ba. Yuki ta haye ta kunna ta don ta ceci Kodai da sauran. Na'urar ta yi aiki, iskar ta tsarkaka, mutanen Gamilas da ba sa iya zama cikin irin wannan iskar suka janye, amma a tashin farko na'urar ta fitar da wata guba da ta kwantar da Yuki. Daga baya Dessler ya harbo babbar igwarsa, sai Sanada ya kunna wani rufi da ya ƙera wanda ya mayar da harbin kan mai shi. Nan kam zan yarda da duk mai cewa an yi saukin hannu, domin ba a shirya mai kallo sosai ba kafin a fito da wannan dabarar, ko da yake an danganta ta da igwar Gamilas mai tauraron madubi da suka gamu da ita a Pluto. Amma ka lura da abu ɗaya: a karon ƙarshe Yamato bai harba komai ba. Bayan abin da ya faru a Gamilas, da an sake nuna Kodai yana jan kunamar igwa ana kiɗan nasara, da hawayen kashi na 24 sun tashi a banza.

Sai mutuwar Okita, wadda a wurina tana cikin mafi kyawun mintocin da aka taɓa zanawa a katun. Duniya ta bayyana a gaba, har yanzu ja ce, ba ta warke ba. Tsohon yana kwance a ɗakinsa can saman jirgin. Ya roƙi Likita Sado ya bar shi shi kaɗai na ɗan lokaci, ya yi masa godiya. Ya ɗauko hoton iyalinsa, ɗansa na cikin waɗanda suka mutu a yaƙi, ba kowa da ke jiransa a ƙasa. Ya dubi duniyar ta taga, hawaye na zuba, ya faɗi 'yar gajeriyar magana mai ma'anar cewa komai nata abin kewa ne. Hoton ya suɓuce daga hannunsa. Sado ya buɗe ƙofa, ya gani, ya ƙame ya sara masa. Likitan nan da aka saba gani da kwalba a hannu ana dariya, shi aka bar wa wannan gaisuwar, kuma Goro Naya da ya yi muryar Okita bai ɗaga murya ko kaɗan ba. Okita ya yi alkawarin zai kai jirgin ya dawo da shi, ya riƙe ransa da haƙori har ya ga gida, sannan ya saki.

A daidai wannan lokacin Kodai ya ɗauko Yuki ya kawo ta ɗakin tuƙi don ta ga duniyar da ta ba da ranta saboda ita, sai ta buɗe ido. Ka ce ba bayani, kuma haka ne, ba a yi bayanin likita ba. Bayanin yana cikin yadda aka jera hotunan: tsoho ya fita, yarinya ta dawo, a numfashi ɗaya. Masu shirin suna gaya maka cewa tsarar da ta yi yaƙin ta biya bashinta ta wuce, ta bar wa yaran rayuwa. Idan Yuki ta mutu, to Kodai ya koma gida ba iyaye, ba wa, ba kyaftin, ba masoyiya, ya zama wani Okita ke nan, mai kallon duniya da hoto a hannu. Labarin da ya ɗauki kashi 26 yana cewa a rayu ba zai iya rufewa a haka ba. Ko ka karɓa ko kada ka karɓa, wannan ne lissafin. Ni na karɓa, duk da na san an tanƙwara hankali kafin a kai can. Da aka sake yin shirin a 2012 da sunan Yamato 2199, marubutan sun ji irin ƙaiƙayin da ka ji, sai suka mayar da musayar a fili: na'urar tana buƙatar ruhin mutum mai ɗauke da tunanin duniya, ruhin Mamoru da ke cikinta ya ƙarar da kansa wajen farfaɗo da Yuki, na Okita ya maye gurbinsa. Ya fi tsari, amma ni na fi son na 1975 da ya yi shiru ya bar mai kallo ya haɗa da kansa.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara nuna mini darajar wannan ƙarshen. Da aka yi ta maimaita shirin a talabijin, matasa suka kama shi, har fim ɗin da aka taƙaita labarin a cikinsa ya fito a Agusta 1977 mutane suka kwana a layi a ƙofar sinima. A wancan fim ɗin ma an canza Iscandar, aka nuna Starsha ta riga ta mutu, hotonta ne kawai ke magana. A 1978 aka yi fim na biyu, Saraba Uchu Senkan Yamato, wanda a ƙarshensa kusan kowa ya mutu, Kodai ya zaunar da gawar Yuki kusa da shi ya tuƙa Yamato ya afka wa jirgin maƙiyi. Mutane sun yi kuka, kuɗi sun shigo, amma wannan ƙarshen Mamoru na kashi na farko ne ya ci gardama. Matsumoto bai so shi ba, kuma a shirin talabijin na Yamato 2 da ya fara a wannan shekarar aka sauya, Kodai da Yuki suka rayu. Sannan a 1983, a fim ɗin Final Yamato, aka dawo da Okita da rai, wai Likita Sado kuskure ya yi da ya ce ya mutu. Wannan kam ya yi mini ciwo, domin ya taɓa abin da bai kamata a taɓa ba. Idan kana neman farfaɗowar da ta cancanci fushinka, ga ta nan.

Shawarata, kafin ka yanke hukunci, ka koma kashi na 10. A nan ne jirgin zai fita daga yankin ranarmu, aka ba kowane ma'aikaci minti biyar ya yi sallama da iyalinsa ta na'urar sadarwa. Kowa na layi, wasu na kuka, wasu na dariyar dole. Mutum biyu ne ba su da wanda za su kira, Kodai da Okita, sai suka ƙare a ɗakin kyaftin suna sha tare, suna yi wa duniya ban kwana ta taga. Ka kalli wannan, ka tsallaka kai tsaye zuwa 24, 25 da 26 a zama ɗaya. Ɗakin da suka yi ban kwanan shi ne ɗakin da Okita ya cika, tagar ma ita ce. Daga nan Yamato ya gangara ya shige cikin jar duniyar a watan Satumba na 2200, aka tsayar da hoton a kanta, launinta yana juyawa a hankali har ta koma shuɗiya.